Sawu a Kan Dusar Shinkafa

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, aka tarar an yi wa Hajiya Tasallah ɓarna a injin casarta da ke bakin garin Illo. Namadi mai gadi ne ya buɗe ƙofar rumfa, casbi a hannu, ya leƙa ya ga injin tsince tsakuwa tsaye babu moto. Moto kuwa shi ne curin ƙarfen nan mai cin lantarki da ke juya bel. In babu shi, gara ma turmi da wannan injin, don turmi ko ba komai a daka. Namadi ya kwarara salati har kajin maƙwabta suka watse. Allah dai ya ba shi wayon abu ɗaya, bai taka cikin rumfar ba. Ya ja ƙofa, ya mayar da kwaɗo, ya zauna a bakinta yana jiran mai kaya.

Shekarar kuwa ta alheri ce. Fadama ta yi kyau, shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta taru a harabar injin har sai an raɓa ake wucewa, mata suna turara ta a tukwane suna yin gumi, amalanke na shiga na fita, kowa na cin tuwo da kifi yana gyatsa. To amma mutum in ya ƙoshi bakinsa ya fi kaifi. Kafin la'asar ta yi sanyi, taron da ke bakin injin ya gama bincike, ya gama shari'a, saura zartarwa.

"Hamma ne!" in ji wani. "Wa ka iya kwance moto in ba shi ba?"

"Kuma wa ya gane shi masallaci yau?"

Babu wanda ya gan shi. Hamma shi ne makanikin injin, dattijo ne Badendi, haifaffen tsallaken iyaka, ƙasar Benin. Ya zauna Illo tun kafin a kawo shari'a, a nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa, kuma babu injin ban-ruwa a garin da bai taɓa tayar wa mai shi kyauta ba. Duk wannan aka manta da shi cikin yini guda. Wani mai dogon wuya ya ce ɗan tsallake dai ɗan tsallake ne, ko ya shekara ɗari. Wani ya ce a kai shi gaban alƙali a Bagudo. Kowa kuwa ya san hukuncin wanda ya ɗauki kaya a kulle. Ba wanda ya taɓa ganin an zartar da shi a nan, amma ambatonsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya duba hannunsa. Ko ma alƙali ya sake shi, wanda aka kira ɓarawo a Illo ya gama zaman Illo.

Hajiya Tasallah, wadda ta fara da tukunyar gumi ɗaya har Allah ya kai ta ga inji, ba ta son hayaniya. Ta ce a ajiye Hamma a zauren mai unguwa, kada wanda ya taɓa shi, a kuma kira mata Na'Allah.

"Hajiya," in ji wani, "Na'Allah fa taubashin Hamma ne! Uwatai ƙanwar uban Hamma ce. Ai hannunka ba shi ruɓa ka yanke ka yar."

"To ku kawo man wani mai bin sawun," in ji ta.

Ba su da wani.

* * *

An sami Na'Allah a gonar albasarsa yana gyaran kwarin ruwa. Tsohon mai bin sawun shanu ne, ya sha bin ɓarayi har cikin Benin ya dawo da garke. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, amma idon yana nan. Mutum ne marar gaggawa, irin wanda in gobara ta tashi sai ya gama wanke hannu. Ya ji saƙo, ya ɓare goro, ya tafi.

Shi kaɗai ya shiga rumfar, ya tuɓe takalmi ya bi jikin bango. Sawu kam ga shi nan raɗau, don kafin a tafi masallaci an share daɓen, ƙurar dusa kuma ta sauka ta lulluɓe shi fari fat. Sai dai takalmin ba ya faɗin komai. Takalmin roba ne irin wanda Hajiya ta saya wa duk ma'aikatanta a shago ɗaya.

Mai sawun ya shigo ta ƙaramar ƙofar baya, inda ake fitar da buntu, ƙaiƙayin shinkafa. Ya tsaya gaban wani ɗan allo mai gilashi da aka kafe a bango, ya daɗe. Ya je ya kashe makunni, har da rataya masa jan kwalin nan mai cewa kada a kunna. Notunan da ya kwance suna jere a faranti, an goge su tas. Na'Allah ya girgiza kai. Tunda yake bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba.

Sai idonsa ya faɗa kan abin da ya sa goron bakinsa ya yi masa ɗaci. Daga makunni zuwa bayan injin fili ne fetal, babu ko tsinke. Amma mai sawun bai miƙe ba. Ya gota hagu, ya yi kwana mai faɗi, ya juya a kan diddige, sannan ya isa bayan injin. Da zai dawo ma haka. Na'Allah ya san wannan gociyar. Ya sha zuwa hira wurin Hamma a shekarun baya, ya sha ganinsa yana yin ta, bai dai taɓa tambayar dalili ba. Wallahi a wannan lokacin tsoro ya kama shi, irin wanda ɓarayin shanu ba su taɓa ba shi ba.

Ya fita ta ƙofar baya. A bakin ƙofar sawun ya nutse, mai shi yana ɗauke da kaya. Gaba kaɗan awaki sun tattake komai a gindin tulin buntu. Bayan shinge kuma sawun ya sake bayyana, ya miƙe kan hanyar iyaka, a fili yadda ko makaho zai gani. Amma a nan ƙafar ba ta nutse ba. Mutumin hannu rabbana ya bi hanyar, ya kai tudun tsakuwa, ya ɓace.

Na'Allah ya waiwaya ya dubi tulin buntu. Ya san inda moto yake. To amma moto ba ya magana, ko an tono shi ba zai faɗi wanda ya binne shi ba. Ya bar shi ya ci gaba da barcinsa.

"Mi ka gani?" in ji mai unguwa da Na'Allah ya dawo.

"Ranka shi daɗe, ban ƙare ba. A bar rumfar a kulle."

* * *

Amatullahi, 'yar Hajiya, ita ce mai kula da allunan nan. Ta yi karatu a Birnin Kebbi ta dawo da wata manhaja da ta canja yadda ake aiki a injin. A da, in sabon ma'aikaci ya zo sai ya yi ta bin wani yana shan tsawa kafin ya iya, in wanda ya iya ya yi zazzaɓi kuma aiki ya tsaya. Yanzu kowane aiki an yanka shi mataki-mataki, da hoto da bidiyo da murya cikin Hausa: yadda ake jiƙa shanshera, yadda ake gane gumi ya yi, yadda ake sauya rariya. Akwai allo a rumfa, akwai a wurin tukwane. Tun daga lokacin shinkafar Hajiya ta daina fita yau fara gobe ja, har masu sari daga Jega suna neman ta da suna.

Ta zaunar da Na'Allah a ɗan ofishinta, idonta ya yi ja.

"Baba Na'Allah, akwai abin da ban gaya ma Inna ba tukuna. Kowa da lambarsa ta shiga, manhajar kuma tana riƙe sunan wanda ya buɗe kowane aiki. Aikin kwance moto an buɗe shi yau lokacin Juma'a. An kuma yi ta buɗe shi cikin 'yan makonnin nan."

"Da sunan wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba Hamma."

"To fa."

"Shi ya riƙa ɗaukata a kafaɗa ina ƙarama. In an tambaye ni gaban alƙali, ba zan iya ƙarya ba. Kuma ba zan iya faɗi ba."

"Ɗiyata, ba a kai can ba. Wanga allon naku yana ganin fuskar mai taɓa shi?"

"A'a, lamba kawai ya sani."

Na'Allah ya ce to, ya tashi. Ya san shanu ma in an sauya musu shaida a kunne ba sa gardama.

A harabar ya ɗan zaga cikin ma'aikata. Sadisu, mai tuƙa injin kullum, kowa ya san shi da Hamma ba sa shan inuwa ɗaya, ga kuma baƙin mai a gwiwar wandonsa. Na'Allah ya soma murna a ransa, Allah ya yafe masa. Amma Sadisu a sahun gaba ya yi salla, kafaɗa da kafaɗa da mai unguwa tun kafin huɗuba, man kuma na babur ɗinsa ne. Namadi ya rantse ya kulle ƙofar gaba, ta baya kuwa sakata ce ta ciki, ya ɗauka an sa. A wurin tukwane wani saurayi mai suna Mudassiru, mai hura wutar gumi, ya shimfiɗa masa buhu ya kawo masa ruwan randa. Yaro mai natsuwa, kowa na yabonsa, Amatullahi ma ta ce duk injin babu mai bin allo sau da ƙafa kamarsa. Ya ce shi a sahun baya ya sami salla, ya tsaya wanke toka.

"Allah shi tona asirin wanda ya yi, Baba," in ji shi.

"Amin," in ji Na'Allah, ya sha ruwansa.

* * *

Hamma yana zaune a zauren mai unguwa, an kawo masa fura bai taɓa ba. Na'Allah ya yi sallama ya zauna, ya jawo ƙwaryar gabansa.

"Bawana, ashe ka koma sata da tsufanka? Da ka gaya man kana jin yunwa ai da na ba ka albasa."

"Wa ab bawan wani? Kai da anka samo uwarka gidanmu?" Hamma ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Na'Allah, ka ji abin da sunka kira ni?"

"Na ji. Ina ka tafi yau?"

"Inda na tafi."

"Kai dai ka san kotu ba ta cin wagga amsa."

Hamma ya kau da kai. Na'Allah ya sha fura yana kallonsa ta gefen ido. Hula sabuwa. Gemu an rage shi. Ƙamshin turare kuwa har ya fi ƙarfin zauren. Tun da matarsa ta rasu Hamma bai san hanyar shagon mai turare ba. Da Na'Allah zai shigo kuma ya lura da tayar babur ɗin Hamma a ƙofa, laka ce irin ta mashigin da ke hanyar Lafagu.

"La ilaha illallahu!" Na'Allah ya ajiye ludayi. "Tsoho da kai! Wace ce a Lafagu?"

"Rufa man asiri, don Allah!"

Da ƙyar ya fito da ita. Fadimatu ce, mai suyar kifi, bazawara, ba ta daɗe da fita takaba ba. A Lafagu ya yi Juma'a, ya biya ya gaishe ta a soro. Bai riga ya aika wa 'yan'uwanta ba, su kuwa mutane ne masu zafin kai.

"To ai ka kuɓuta! Ta faɗi ta gane ka, magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. A ɗauko mace mai mutunci a tsayar gaban alƙali, a ce ta faɗi mi wani namiji ya je yi gidansu? Kasuwar Lafagu ta ɗauka? Wallahi gara a yi man duk abin da za a yi."

Na'Allah ya dube shi ya ga ba wasa yake ba. Haushi ya kama shi, tausayi ya kama shi, sai ya rasa wanda zai bi.

"To lambarka ta allo, wa ya san ta?"

"Wa bai san ta ba? Allon ba shi jin yatsana." Hamma ya miƙo hannu, yatsun duk kanta, kamar bayan kada. "In na taɓa, ko gezau. Sai in ƙwala ma yaro lambar shi danna man. Ni mi zan yi da shi ma? Ni ne a ciki."

"Kai ne a ciki?"

"Aikin moto ai ni Amatu ta ɗauka ina yi."

Na'Allah ya daina tauna. Ya tuna sawun da ya daɗe tsaye gaban allo, ya je ya dawo, ya sake tsayawa. Yaushe mai gida ya taɓa tambayar hanyar ɗakinsa? Ya shanye furar Hamma tas, ya yi masa sai da safe.

* * *

Da hantsi ya koma wurin Amatullahi ya ce ta nuna masa aikin. Ta danna, sai ga Hamma a allo, an ɗauke shi ta baya daf da kafaɗa. Ya kashe makunni, ya rataya jan kwali, ya gota hagu, ya yi kwana, ya juya a kan diddige. Muryar Amatullahi na cewa, "Mataki na uku, zagaya ta hagu zuwa bayan inji. Kada a tsallake mataki."

"Tsaya. Maido shi baya kaɗan. Mi ne ne wancan baƙin a gefe?"

Ta matso da fuska. "Ginshiƙi ne. Na tsohuwar rumfa." Sai ta dafe baki. "Innalillahi! Baba, wannan kafin ambaliya na ɗauke shi. Da ruwa ya ci tsohuwar rumfa muka dawo da injin nan, na sake ɗaukar duk ayyukan yau da kullum. Wannan na bar shi, don Baba Hamma kaɗai ke yin sa. Duk abin da na ga ya yi na rubuta, har zagayen. Ban taɓa tunanin ginshiƙi yake kauce wa ba."

"Shi Hamma, yanzu yana zagayawa?"

Ta girgiza kai. "A'a. Miƙewa yake yi."

"To wanda ya shiga rumfar jiya ya kauce ma ginshiƙin da ruwa ya ci tuntuni. Bai taɓa ganin Hamma yana wanga aiki ba, allo ya gani."

"Ashe laifina ne."

"Laifin mi? Allonki ya koya ma mutum kwance moto bai ɓata ko noti ɗaya ba. Ni da na ga faranti sai da na so in ba ɓarawon goro. Ki dai riƙe bakinki, ko Hajiya kada ta ji maganar zagayen sai na nuna mata."

* * *

Bayan azahar aka taru. Na'Allah ya fara shigar da Hajiya da mai unguwa da dattawa biyu, ya bi da su jikin bango, ya nuna musu sawun jiya da kwanar da ya yi a fili. Ya ce su riƙe ta a ido. Sannan ya sa aka share daɓen, ya ɗebi dusa a faifai ya barbaɗa.

Ya fito ya dubi mazan injin, da Hamma a cikinsu.

"Takalminku iri ɗaya ne, amma taku ba ɗaya ba ne. Kowa zai shiga shi kaɗai, shi tashi daga makunni shi je bayan inji shi taɓa bel, shi fita ta baya. Faɗin takunku nake son aunawa. Wanda bai ɗauki komai ba, mi zai dame shi?"

Namadi ya fara shiga, yana tafe yana karanta duk addu'ar da ya sani, ya miƙe sak. Aka barbaɗa sabuwar dusa. Sadisu ya shiga fuska a murtuke, ya miƙe. Masu dako suka bi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda tsoro ya sa ya tafi da sanɗa kamar mai kamun fara, Hajiya ta danne dariya da gyale. Duk suka miƙe.

Aka kira Hamma. Na'Allah ya zuba masa ido. Tsohon hali fa ba ya jin kira, in ƙafar tsohon nan ta tuna da ginshiƙi yau, shi ke nan. Hamma ya tsaya a makunni, ya gyara sabuwar hularsa, ya taka kai tsaye ya dafa bel, bai ko kalli kowa ba. Mai unguwa ya saki numfashi.

Sai Mudassiru. Ya shigo da sallama, ya rusuna wa manya. Duk hankalinsa yana kan ƙafafunsa, yana ƙanƙance taku, yana jan ƙafar dama kaɗan, tafiyar da ba tasa ba. Shi a wurin tukwane yake yini, bai san yadda ake bi a rumfa ba sai yadda allo ya ce, kuma a saninsa kowa haka yake bi. Ya tashi daga makunni, ya gota hagu, ya yi kwana mai faɗi a filin da babu komai, ya juya a kan diddige, ya miƙa hannu ya taɓa bel.

Hajiya ta dubi daɓen, ta dubi Na'Allah.

"Mudassiru," in ji Na'Allah a hankali, "mi ka kauce mawa?"

"Na'am, Baba?"

"Can da ka gota. Mi ke wurin?"

Saurayin ya waiwaya ya dubi sawunsa, ya dubi filin. "Ai haka ake yi. Mataki na uku ne."

"Na wane aiki?"

Mai hura wutar gumi ba shi da abin da zai kai shi ga sanin mataki na uku na kwance moto. Mudassiru ya durƙushe cikin dusa yana kuka.

"Tashi ka tono shi cikin buntu," in ji Na'Allah. "Ka fi ni sanin gefen."

* * *

Ya tono shi, a naɗe cikin buhu, ko ƙwarzane babu. Bai ɓoye komai ba. Wani ɗan kasuwa ne a tsallake zai kafa ƙaramin inji, ya ce masa in ya zo da moto, kuma ya iya ɗaura shi, shi zai zama makaniki. Shi kuwa ya gaji da hayaƙi, yana son a kira shi mai sana'a. Ya yi ta kallon aikin a allon wurin tukwane da lambar Hamma har ya haddace. Ranar Juma'a ya ɓuya a bayan buhuna aka kulle da shi. Sawun hanyar iyaka kuwa da gangan ya yi.

"Don a ce wa?" in ji mai unguwa.

Ya sunkuyar da kai, ya saci kallon Hamma.

Nan take masu cewa a kai Hamma Bagudo suka juya suka ce a kai Mudassiru, da murya ɗaya, mai dogon wuyan nan ma ya fi kowa ɗaga hannu. Hajiya ta ɗaga nata hannun.

"Malamai sun ce muddin magana ba ta kai gaban alƙali ba, mai kaya na da ikon yafewa. Kayana sun dawo. Amma ba ni anka fi cuta ba. Malam Hamma, maganar tana hannunka."

Hamma ya daɗe yana kallon yaron. Ransa a ɓace yake, bai kuma ɓoye ba.

"Kai, da ka zo ka ce man kana son sana'a, hana ka zan yi? Ni da nake neman wanda zan bar ma sifana? Moto ba komai ba ne. Amma ka so a kore ni daga garin da kabarin matata yake." Ya nuna moton. "Ba ni kai ɗan kowa inda anka so kai ni. Ɗauki abin ga ka mayar inda ka ciro shi. Ina tsaye. In ka karkace noti ɗaya, ni da kai ne."

Aka yi haka. Amatullahi ta ɗauko wayarta ta ɗauki aikin daga farko, ta ce yau za ta sauya tsohon. Mai unguwa ya ce a kira uban yaron daga Sharabi, sauran magana ta manya ce. Sannan ya juya kan taron ya ce duk bakin da ya furta kalmar jiya ya zo ya furta wata. Suka zo ɗaya-ɗaya suna murza hula. Hamma ya ce ya yafe, amma mai dogon wuya ya sani injin ban-ruwansa in ya sake mutuwa, sai ya kai shi Bagudo. Aka fashe da dariya. Kafin la'asar inji ya tashi, ƙararsa ta cika unguwa, mata suka koma kan tukwanensu.

Da yamma taubasan biyu suka gangara bakin ruwa, inda masunta ke fitowa. Na'Allah ya sa aka gasa musu ragon ruwa, ya ce Hamma zai biya tunda shi aka wanke. Suka ci, suka suɗe yatsu, suna kallon jirage na shigowa. Can Hamma ya yi gyaran murya.

"Na'Allah, in tambaye ka. Tsakaninka da Allah."

"Ina ji."

"Da ka tarar ni ne, za ka faɗi?"

Na'Allah ya cire ƙaya daga baki ya yar.

"Da na faɗi. Da na yi kuka, amma da na faɗi."

Hamma ya jinjina kai, fuskarsa ta saki, karo na farko tun jiya.

"Na sani," in ji shi. "Su ma sun sani. Shi ya sa gobe zan shiga kasuwa da kaina a sama."